Duwatsuna a Ƙarƙashin Tukunya

Shekara da shekaru ina koyar da ilimin duwatsu a jami'a, amma ko ɗaki ɗaya ba a ba ni na ajiye abin da na tono ba. Da na gaji da zaryar ofis, sai na kwashe su zuwa gidanmu a Baoudetta. Itatuwa ne da suka zama dutse tun kafin a halicci ɗan Adam. Kowane na shafa masa fenti, na rubuta lambar ramin da ya fito.

Ƙasarmu rairayi ce, sai ka wuni ba ka ga dutse ba. Ranar sunan ɗan yayana na tarar da manyan tukwane bisa duwatsuna, wuta ta cinye lambobin. Dutsen da ba lamba kuwa ya tashi daga aiki.

Matar yayana ta ɗago daga tuƙi ta ce, "Malam, Allah ya saka. Ba mu taɓa samun murhu mai riƙe zafi haka ba."

Na zauna na ci tuwon. Har yau ita kaɗai ta taɓa gode mini a kan aikin nan.