Maiwada da Ruwan Tudun Marmara

Shekara arba'in Maiwada ya yi yana haƙar rijiya, daga Taba har Hunkuyi, da diga da guga da igiyar rama. Bai yi boko ba. Amma idan ka ambata masa unguwa, zai faɗa maka gaba nawa za a yi kafin a taɓa ruwa, da irin ƙasar da za a ratsa. A wancan zamani rafin bayan garinmu yakan kai bazara yana gudana, mata suna wanki a bakinsa, kuma da shi Maiwada yake shayar da 'yar fadamar raken da ya gada.

A kan tudun da ke saman rafin akwai wata babbar gona mai filin saukar jirgin feshi. Masu gonar suka ƙudurta faɗaɗa filin, su malale tudun da kwalta. Suka aiko injiniyarsu, Rashida, ta yi wa dattawa bayani a ƙofar gidan mai unguwa. Ta ce kwamfuta ta lissafa ruwan sama da gangaren ƙasa, ta nuna ba za a yi ambaliya ba, domin za a gina magudana.

Maiwada ya bari ta gama, sannan ya ce, "'Yata, ita kwamfutar ta taɓa shiga rami?"

Aka yi dariya. Ta ce, "A'a, Baba. Mu muke ba ta alƙaluma."

"To wa ya ba ku na ƙarƙashin tudun? Rijiya bakwai na haƙa a can. Gaba biyu jar ƙasa, sai marmara mai ƙofofi kamar saƙar zuma. Nan ruwan damina yake shigewa ya kwanta, da rani ya riƙa tsatsafowa cikin rafi. Ku kun auna ruwan da zai wuce. Ni wanda zai zauna nake tambaya."

Hujjarsa ba ta da aibi. Lissafi ba ya ƙarya, sai dai abin da aka tambaye shi kaɗai yake amsawa, kuma laifin tambaya mara kyau yana wuyan mai tambaya. Rashida, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi musu ba. Ta amsa cewa sun ɗauki ƙasar tudun duk iri ɗaya ce, kuma alƙaluman ruwan saman daga Zariya aka samo su. Washegari ta bi shi ta leƙa rijiyoyi uku, ta rubuta abin da ta gani.

Da ta kai musu rahoto, masu gonar suka rage sulusin kwaltar, suka malale saura. A damina ta biyu ba a yi ambaliya ba, kamar yadda aka alkawarta. Amma rafin ya ƙafe tun sanyi bai wuce ba. Maiwada ya cire raken daga rabin fadamarsa na gabas, ya bar rabin da ke ƙarƙashin ɓangaren tudun da kwalta ba ta rufe ba, inda ruwa bai daina tsatsafowa ba. A wannan rabin ya ci gaba da noma har ya rasu bara, kuma bana 'yarsa Mukarrama ta sa an sare rake a wurin.