Ya Gana da Jakar Tace Ruwa

A Azare aka haifi Ya Gana, amma iyayenta mutanen Geidam ne da fataucin kanwa ya kawo su suka zauna. Aure ya kai ta Disina, gidan Malam Bappa, wani manomin shinkafa mai ƙarancin magana. Wurin surukarta ta koyi ungozomanci, har ya zama da wuya ka shiga gida a unguwarsu ba ka tarar da wanda ta yanke wa cibiya ba. An san ta da tsantseni a kan ruwa. Mai jegon da ke hannunta ba ta shan wanda ba a tafasa ba, har mata kan zolaye ta su ce ko na alwala sai ta ɗora a wuta.

Daminar da kogi ya yi ambaliya ya cinye gonaki da gidajen laka, mutanen unguwar suka koma wata makarantar firamare da ke kan tudu. Rijiyoyi sun cika da laka, masai sun fashe sun gauraya da su, itace duk ya jiƙe. A cikin ajin da mata suka tare wata matar aure mai suna Humaira ta haihu. Ya Gana ta tace ruwa da mayafinta ta miƙa mata, ta kau da kai don kada ta ga ana sha. Ba a jima ba amai da gudawa suka ɓulla.

Ana cikin haka ma'aikatan lafiya suka iso a kwalekwale. Shugabansu Najmuddeen ɗan garin ne, Ya Gana ce ta karɓi haihuwarsa. Ban da magunguna, sun zo da wasu 'yan jakunkuna shafaffu kamar ledar fiya wata, da ɗan gari a ciki.

"Inna, wannan garin sukari ne da gishiri," in ji shi. "Kin san yadda busasshen dabino yake jan ruwa ya kumbura in an jiƙa shi? Haka garin yake jan ruwa ta jikin jakar. Ƙofofin jikinta ido ba ya ganinsu. Ruwa ya wuce, laka da ƙwayoyin cuta su tsaya a waje."

"Ba wuta, ba inji?"

"Babu, Inna. Sai dai haƙuri, ba ta sauri."

Suka jefa su cikin baho mai ruwan laka da hantsi. Kafin la'asar sun cika sun yi tim. Amma ba wanda ya miƙa hannu, don an riga an fara raɗe-raɗin cewa maganin hana haihuwa ne. Ya Gana ta ɗauki ɗaya, ta ɗauraye bakinta, ta yi bismilla ta huda, ta sha a gaban kowa.

"Ni na daina haihuwa, na sani," ta ce da matan. "Amma wace ce a cikinku na taɓa ba abin da zai cuce ta?"

Daga nan suka fara karɓa. Matsalar ita ce jakunkunan ba su da yawa, kuma kowace sau ɗaya ake amfani da ita. Aka bar wa Ya Gana rabon, ta ce masu jego da ƙananan yara tukuna.

Washegari ciwon ya kama Malam Bappa, wanda ya wuni cikin ruwa yana taya mutane fitar da hatsi. Ta zo masa da jakar da ta rage a hannunta. Ya dube ta, idanunsa sun faɗa.

"Yarinyar da ta haihu ta sha?"

"Ta sha jiya, Malam."

"Yau fa? Nono take bayarwa. Kai mata."

Ta roƙe shi, ya juya fuskarsa bango. Ta daɗe a durƙushe kafin ta tashi ta kai wa Humaira. Najmuddeen ya sa masa ƙarin ruwa a jijiya, aka ɗauke shi a kwalekwale za a kai shi asibiti a Azare. Kafin su kai inda mota take jira, Allah Ya yi masa rasuwa, kansa a cinyarta.

Najmuddeen ya sha gaya mata cewa jaka ɗaya ba za ta tsayar da ciwon da ya yi nisa haka ba. Takan gyaɗa kai ta ce kwana ne ya ƙare.

Humaira da jaririyarta sun rayu. Bayan takaba Ya Gana ta koma Azare gidan ƙaninta, inda har yanzu ake zuwa kiranta in naƙuda ta tashi, ko da yake gwiwoyinta sun fara gajiya. Duk sanda Najmuddeen ya zo gaishe ta sai ta tambaye shi ko an fara yin jakunkunan nan a ƙasarmu. Yakan ce masana suna kan bincike, ba a kai ga hakan ba tukuna.

"To, ka gaya musu su hanzarta," takan ce. "Damina ba ta da nisa."