Yadda Labarin Rasuwar Inna Ya Shiga Gidan Yari

Ni manomin albasa ne a Bodinga, amma asalinmu Shagari. Can aka haife mu ni da ƙanena, can kuma Inna, mahaifiyarmu, ta zauna har ƙarshen ranta. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Abin da na iya shi ne yin abu bi da bi, kuma haka zan ba da wannan labari.

Farkon abin, ƙanena ya yi faɗa. Yana noma wata gonarmu ta gado a Horo Birni, shanu suka shiga masa gero ana dab da girbi. Aka yi cacar baki da mai shanun, aka kai hannu, mutumin ya ji rauni. Ban wanke ƙanena a lokacin ba, ba kuma zan wanke shi yanzu ba. Aka kama shi, aka kai shi gidan yari jiran shari'a. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ni ne babba, don haka ziyara ta zama aikina.

Duk mako Inna takan haɗa masa ƙunshi: ƙuli-ƙuli, yaji, garin kunu, wani lokaci dambun nama idan an samu. In hau mota in je Shagari in karɓo, washegari in kama hanyar gidan yari. A ƙofa akwai ƙa'ida, duk abin ci da ka kawo sai ka ɗanɗana a gaban gandiroba kafin a karɓa. Daga nan a shigar da kai, ka zauna a benci, a fito maka da naka. Kuna zaune gwiwa da gwiwa, ku yi musafaha, ku yi magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganin laifin wannan tsari ba. Ni mutum ne mai son ƙa'ida.

Sai korona ta zo. Aka rufe kotu, shari'arsa ta tsaya. Aka hana ziyara. Abin da ya rage kawai ka kai ƙunshi ƙofa ka juya.

A wannan lokacin ne aka sa wani gandiroba a ƙofar. Dogo ne, mai yawan magana, a haife na haife shi. Ga bokiti mai famfo a gefensa, ga wata na'ura a hannunsa da yake nuna wa mutum a goshi. Ranar farko da muka haɗu ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Baba, hanci aka ce ka rufe, ba gemu ba. Ja takunkumin sama."

Na ja.

"To, cire ka ɗanɗana kayanka."

"Yallaɓai, yanzu kac ce in rufe."

"Yanzu kuma na ce ka cire. Ko ta kunne za ka ci?"

Mutanen layi suka yi dariya. Ya shinshina rigata daga nesa ya ce warin albasar da ke jikina ya isa ya kashe korona, ni ba na bukatar wanke hannu. Daga ranar ya sa mini Baba Mai Albasa. Na je ne don ƙanena, ba don in yi sa'insa da yaro ba.

Cikin bazarar nan, azumi na ƙaratowa, Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne da tsufa, ba ta daɗe ba. Har ranar da ta cika tana tambaya ko an buɗe ƙofar gidan yari. Muka yi mata sutura a Shagari, mutane kaɗan, saboda an hana taro.

A nan ya kamata in yi bayanin abu ɗaya, don wanda bai sani ba. A gidanmu ba a jefa wa mutum labarin mutuwa. Wanda zai kai labarin babba ne daga cikin dangi, ba baƙo ba. Zai je da ƙafarsa. Zai sa mutumin ya zauna, shi ma ya zauna kusa da shi. A gaisa gaisuwa cikakkiya, ba a gaggauta ta. Sannan a ce jikin wance ya yi tsanani. A saurara, a bar zuciyarsa ta fara tafiya da kanta. Sai ya tambaya, sannan a faɗa, hannunka na kan kafaɗarsa. Haka aka yi mini lokacin mahaifinmu, ina can ƙwadago, baffana ya yi tafiyar yini ya same ni. Ban manta wannan alherin ba. Ƙanena kuma yana tsare, ba shi da kowa a ciki. Na ƙudura a raina ba zai ji rasuwar uwarsa daga bakin kowa ba sai nawa, kuma a zaune.

Kawu, ƙanen Inna, bai yarda ba. Muna zaman makoki a zaure ya matso kusa da ni.

"Kai ɗan nan, akwai wani ma'aikaci can ciki, ɗan maƙwabcinmu na. A kira shi ga waya shi hwaɗa mai, a huta."

"Kawu, ka gahwarce ni. Uwatai ta. Ba a aika ma mutum wanga labari awa saƙon goro."

"To sai yaushe? Sai korona ta mutu ita ma?"

"Sai sun buɗe."

"In ba su buɗe ba fa? Kai dai tun kana yaro haka kake. Ko tuwo anka ba ka sai ka jera lomomi kahin ka ci."

Na ce masa na ji, amma ni ne babba a ɗakin Inna, kuma duk wanda ya kira waya ba da yawuna ba. Ya tashi yana kaɗa riga. Bai kira ba, wannan kam na shaide shi.

Ƙunshi bai tsaya ba. Matata ta karɓi aikin. Idan aka tambaye ni a ƙofa daga wa, sai in ce daga yayansa, wanda kuma gaskiya ne. Ban taɓa cewa daga Inna ba. Azumi ya wuce, Sallah ta wuce, damina ta sauka, muka yi shuka muka yi noma. Duk mako ina tsaye a gaban dogon nan, ya nuna mini na'ura a goshi, ya yi mini ba'a, in ɗanɗana yaji in juya. Duk mako in tambaya yaushe za a buɗe, ya ce in je in tambayi korona.

Gero ya fara fitar da kai aka ce an dawo da ziyara, amma da sharaɗi. Mutum ɗaya ga kowane ɗaurarre, takunkumi a fuska, ba musafaha, ba zama. Na yi sammako don in samu dogon shi kaɗai. Na same shi yana cika bokitinsa. Da furfurata na rusuna masa.

"Ranka shi daɗe, alfarma nika roƙo."

"Baba Mai Albasa! Yau kuma da ladabi? Faɗi."

Na rage murya na faɗa masa. Na ce mahaifiyarmu ta rasu tun bazara, ƙanena bai sani ba, kuma a wurinmu ba a faɗin wannan a tsaye. Na roƙe shi ya bar ni in zauna kusa da shi ko a can gefe ne. Na ce zan wanke hannu har gwiwar hannu, in sa takunkumi biyu idan yana so.

"Baba, dokar nan ba ni na yi ta ba. In na ba ka yau, gobe duk layin nan kowa uwarsa ta mutu."

"To na ji. Amma abin da nih hwaɗa maka amana ta. Ka bar shi nan."

Ya ɗaga mini hannu ya ci gaba da zuba ruwansa.

Ina so a fahimce ni. Hanin da ya yi mini ban riƙe shi da shi ba. An ba shi doka, ya tsare. Da ni ne a ƙofar, wataƙila abin da zan yi ke nan. Abin da na riƙe shi da shi yana gaba.

Aka shigar da mu wani fili. An ja igiya biyu, tsakaninsu kamar faɗin titi. Mu a bayan ɗaya, su a bayan ɗaya. Kowa na kiran nasa da ƙarfi, ga baki a rufe, ba ka jin komai sai hayaniya. Da na ga haka na sake shiri a raina: yau in tsaya a kan rashin lafiya kawai, in bar shi ya kwana da wannan, mako mai zuwa in sake neman hanya ko ta wurin shugaban gidan yarin.

Aka fito da ƙanena, da farar hula a kansa. Ya rame, idanunsa kawai nake gani a saman ƙyalle. Muka gaisa da ihu, gaisuwar da ba ta da daɗi. Ya tambayi iyalinsa, na ce lafiya. Ya tambayi gona, na ce gero ya yi kyau.

"Yaya, ina Inna?"

"Jikin Inna ya yi tsanani."

"Mi? Ban ji ba!"

"Na ce jikin Inna ya yi tsanani!"

Ya kama igiya da hannu biyu. "Ta samu sauƙi?"

Na yi shiru. Shirun nan yana cikin tsari, ba ɓata lokaci ba ne. Amma dogon yana bayana, yana zagaye da sandarsa yana ƙirga mutane. Sai na ji muryarsa a kan kafaɗata, ya ma sauke takunkuminsa don a ji shi da kyau.

"Haba Baba, sai kewaye-kewaye kake, ga mutane na jira. Kai mai farar hula! Tsohuwarku ta rasu tun bazara. Allah ya jiƙanta. To, a yi sauri."

Wata mata a gefena ta fara salati. Ƙanena bai dubi gandiroban ba ko sau ɗaya, ni ya duba. Ya ja ƙyallen fuskarsa ƙasa.

"Yaya, gaskiya na?"

"Gaskiya na."

"Tun bazara?"

"Tun bazara."

Ya zauna a ƙasa cikin turɓaya. Na ɗaga ƙafa zan tsallake igiya, sanda ta tare ni a ƙirji. Ina kallo wani ɗaurarre da ban san ko wane ne ba ya dafa shi, yana yi masa abin da ya kamata in yi. Da ƙanena ya ɗago sai ya ce:

"Ƙunshin da kaka kawowa, wa ka yin shi?"

"Matata."

"Wata da watanni ina roƙa ma Inna lahiya bayan kowace salla. Ashe gahwara ya kamata in roƙa mata. Ka bar ni ina ta roƙon banza, Yaya."

Na buɗe baki in yi masa bayani daga farko, yadda abin ya faru da dalilin da ya sa na jira. Aka busa usur. Aka tasa su gaba, bai waiwayo ba.

A ƙofa na tsaya gaban dogon. Ban ɗaga murya ba.

"Yallaɓai, amana nib ba ka."

"Taimakonka fa na yi, Baba. Da na bar ka, sai gobe kana nan kana jikin Inna, jikin Inna."

"Ba ni yi maka baki, don ba a koya mini ba. Amma ban yahe ba."

Ya yi dariya ya ce da na bayana ya matso ya wanke hannu.

Mako na gaba na koma. Aka shiga kiran ƙanena, aka dawo aka ce ya ce ba zai fito ba, a turo masa Kawu. Na je Shagari na faɗa wa Kawu. Bai raga mini ba.

"Da ka ji tawa, da tuni ya yi kukanai ya gama."

"Da na ji taka, Kawu, da ga bakin baƙo dai za shi ji."

"To yanzu ga bakin wa yaj ji? Limamin garinku?"

Na yi masa sallama na tafi, don kawuna ne. Amma har yau ina kan bakana. Abin da na shirya daidai ne, kuma na kusa kai shi. Mutum ɗaya ne ya ɓata shi, don layinsa ya yi sauri.

Daga nan tare muke zuwa. Ni in ɗauki ƙunshi, in ɗanɗana a ƙofa, Kawu ya shiga, ni in zauna a gindin wata bishiya a tsallaken titi har ya fito. Haka muka yi har aka buɗe kotu, aka ba da belinsa.

Ranar da ya fito ya ce a kai shi kabarin Inna. Kawu ba ya iya gane wurin, don kaburburan duk iri ɗaya ne kuma damina ta bi ta kansu. Dole aka kira ni. Na shiga gaba, yana biye. Na nuna masa. Ya tsuguna ya daɗe yana addu'a, ni ina tsaye daga baya. Da ya gama ya share fuska, ya ce, "Na gode, Yaya," kamar yadda ake gode wa wanda ya nuna maka hanya a garin da ba ka sani ba. A tasha ya hau motar Horo Birni, ni na hau ta Bodinga.

Yana gaishe ni da Sallah, yana rusunawa kamar yadda ya kamata, ba ya rage komai a haƙƙina. Amma bai sake zama kusa da ni ya yi hira ba. Gandiroban kuwa an ce an canza masa wurin aiki, ban sake ganinsa ba. Ina jin ya ma manta da ranar. Duk inda yake, maganata tana nan yadda na faɗa masa a ƙofa.