Inna da Kawunan Motocina

Ni dai ba na jin kunyar faɗa: ina da gemu, ina da mata, ina zaune a gidan haya a Sharaɗa, kuma ina tara kayan wasan yara. Mai dariya ya yi, an daɗe ana yi. Ba kuma kowane irin kayan wasa ba, motocin roban nan da in ka ɓalle nan, ka murɗa can, ka jawo tayoyi baya, sai mota ta miƙe tsaye ta zama mutum-mutumi, da ƙafafu da hannaye da kai, fuska a murtuke kamar ɗan sandan da aka tasa daga barci.

Laifin aiki ne. Na yi kamfanin alewa a Bompai, na yi na fata a Challawa har warin ya ƙi fita daga kayana, sannan na samu zama a kamfanin roba a Sharaɗa, kan injin da ke zubo butoci. Roba ta narke, inji ya matse ta cikin mazubi, ya tofo buta da zafinta, ka share bakin da wuƙa, ka jefa a buhu. Mutum in ya shekara yana wannan, ba ya ƙara kallon roba yadda sauran mutane ke kallonta. To wata Lahadi na je Ƙofar Wambai sayen wando, sai na tarar mai gwanjo ya fasa dila, kayan wasa sun zube a ƙasa. Na ɗauki wata tifa ruwan ɗorawa, na duba inda ɓangarorin mazubi suka haɗu, wallahi ko da farce ba ka jin layin. Na ce kai, wane ɗan baiwa ne ya sassaƙa wannan? Mai gwanjon ya karɓa ya murɗa ta, tifa ta tashi tana harara ta. Ranar dai a tsohon wandona na koma gida.

Daga nan abin ya zama ciwo. Katafila, motar 'yan kwana-kwana, tirela, jirgin yaƙi, har da wata motar ɗaukar shara mai hannu ɗaya. Amma sarauniyarsu tanka ce, doguwa, shuɗiya, mai nauyi a hannu. Yini guda na yi kafin na gano yadda ake tada ta, don sai ka fara jawo ɗan tsanin da ke bayanta sauran gaɓoɓin suke saki. Duk sauran ina son su, amma tankar nan da za a ce ana gobara, bayan matata ita zan ɗauka.

Sharhi kuma a kamfani nake yi, lokacin hutu bayan Azahar, a bayan sito kan wani kifaffen duro. Abokina mutumin Filato, wanda injinsa ke kusa da nawa, shi ke riƙe waya yana ɗauka, ni kuma in zauna ina alkalanci. In ƙwanƙwasa da farce in ji ko sabuwar roba ce ko niƙaƙƙiya. In duba gaɓa ko tana da ƙarfi ko lagwani ce. In na samu na banza ba na raga masa, sai in ce wanda ya yi wannan ko murfin buta ba zan ba shi ya zuba ba. Mu ɗora a intanet. Masu kallon yawancinsu 'yan sashenmu ne, suna shiga ne kawai su rubuta min Allah ya shirya.

Matsalar gida kuwa kowa ya san ta. An taso da mu a kan cewa abu mai siffar mai rai yana hana mala'ikun rahama shiga ɗaki, maganinsa kuma a cire masa kai. A garinmu can Jigawa ko 'yar tsana aka kawo wa yarinya tsaraba, sai wata tsohuwa ta fige kan kafin a miƙa mata. Ni sai na yanke wa kaina fatawa mai sauƙi: a gida motoci ne, suna jere a kan kantar ɗaki, kawunansu a naɗe a ciki, a kamfani ne kawai suke tashi. Na taɓa kai katafilar wajen malamin da ke ja mana salla a wurin aiki don ya raba gardama. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce Allah ne masani, sannan ya ce in ƙara nuna masa ta inda hannun ke fitowa.

Haka muke har matata ta haihu. Wannan ita ce haihuwa ta biyu. Ta farko a gidansu ta yi, kamar yadda aka saba, yaron kuma bai kai ranar suna ba ya koma. Ba na son yawan maganar. Saboda haka wannan karon mahaifiyata ta aiko cewa babu inda za a je, ita da kanta za ta zo ta yi wankan jego.

Kafin ta iso na bi su ɗaya bayan ɗaya na tabbatar kowa ya shige cikin motarsa, babu hannu a waje, babu ƙafa. Inna ta shigo, ta ɗauki jariri tana kiransa angonta tana kushe masa hanci, sannan idonta ya kai kan kantar motocin. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta kuma cika yi min magana kai tsaye ba. Sai ta juya wajen matata ta ce, "Yaron nan gareji ya buɗe ne?"

Na ce, "Ado ne kawai, Inna."

Ta ce, "To, Allah ya kawo ta gaske."

Na fita aiki ina jin kaina gwanin dabara. Gida ya cika da tururin ruwan zafi da ƙamshin ganyen darbejiya da kunun kanwa, motoci suna nan a jere, har ma na lura sun fi da sheƙi. Na ce Allah sarki Inna, har goge min su take yi.

Bayan suna da 'yan kwanaki na ɗauki tifar nan tawa ta farko zuwa kamfani, don na yi wa masu zagina alkawarin tarihinta. Abokina ya saita waya, mutane sun kewaye duro da kwanukan abinci a hannu. Na buɗe ƙafafu ina bayani, na fito da hannaye, na ce to jama'a ga inda gwanintar take, na ɗaga murfin gaba don kai ya fito. Babu kai. Ɗan dungulmin wuya ne kawai, an yanke shi sumul.

Sai wani ɗan Damagaram da ke sashen niƙa ya leƙo ya ce, "An yanka shi. Yanzu ya halatta." Aka kwashe da dariya, har wani ya ƙware da wake. Abokina kuwa, maci amana, bai kashe wayar ba, yana dariya tana rawa a hannunsa, yana cewa, "Mutumina, ci gaba da bayani mana, muna jin ka."

Da aka tashi ko wanke hannu ban tsaya yi ba, na tare adaidaita. Na shiga ɗaki na hau buɗewa. Katafila, babu kai. Tirela, babu. Jirgin yaƙi, wanda ni kaina sai na natsu nake iya tada shi, an buɗe, an yanke, an mayar da fukafukai yadda suke. Har mai hannu ɗayan nan ba a tausaya masa ba. Matata tana kan gado tana riƙe ciki, tana roƙona in daina yin fuskar nan don dariya na sa mata ciwo. Ita ta ba ni labari. Ashe Inna na goge motar 'yan kwana-kwana ne ta danna wani ɗan maɓalli, kai ya yi tsalle ya fito yana kallonta. Ta yi salati ta yar. Da ta huce sai ta ɗauka, ta zauna ta ƙare masa kallo. Tun ranar, kullum in na fita an gama wanka, sai ta shimfiɗa tabarma ta ɗauko ɗaya da reza, ta yi ta lalube da hannun nan nata na ɓarar gyaɗa har ta kai ga kan. Ta kuma ce wa matata in ta gaya min ba ta yafe ba.

Na ce, "Tankar fa?" Don ba ta kan kanta.

Ta nuna min tsakar gida da baki.

Inna na zaune kan tabarma tana fifita kunu. Tankar na gefenta, reza a kai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa lafiya lau kamar ba ita ta yi kisan kiyashin ba. Sannan ta turo tankar gabana da yatsa ta ce, "Wannan ta gagare ni. A buɗe min."

Na ce, "Inna, wannan ai mota ce zalla, babu komai a ciki."

Ta ce, "Yo ni yarinya ce? Ga gwiwa nan ina gani ta ƙasan taya."

Na ce to zan kai ta kamfani in kulle a loka, ba za ta ƙara kwana a gidan ba. Ta ce, "A kai yau, jibi a dawo da ita a aljihu." Kuma gaskiyarta, haka na shirya yi.

Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Ƙato da ni, uban ɗa, ga hawaye na neman zubo min a kan roba. Na ce, "Haba Inna, ku bar min ko guda ɗaya mana. Wuni nake a tsaye kan inji ina zuba buta iri ɗaya, wannan ne kaɗai abin da nake dawowa in taɓa in ji daɗi."

Ta ajiye maficin. Ba ta kalle ni ba, ƙofar ɗakin da jaririn ke ciki take kallo. Ta ce, "Wancan ko suna bai kai ba. Wannan so nake ya yi gemu, ya tara shirme kamar ubansa."

Na ce, "Wancan ai ba a ɗakin nan ya rasu ba. Babu mota ko ɗaya a inda yake."

Ta ce, "Na sani."

Na jawo tankar. Na kama ɗan tsanin baya na ja, gaɓoɓi suka saki. Sabo da sharhi ya sa na ji bakina yana mata bayani, nan ne ƙugu, nan kafaɗa ke juyawa, ku duba yadda tankin ya rabe biyu ya zama ƙafafu. Ita kuma ta matso tana bi da ido. Da ya miƙe tsaye a kan tabarma, na ɗaga kan ya fito, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Tabɗi. Wannan kam sun ƙera shi."

Ta miƙo reza. Na ce a'a, ba sai da ita ba. Na kama kan da yatsu biyu na ja, ya fita ɓul, don a kan ɗan dunƙule yake zaune, cirewa ake yi a mayar. Na ce, "Kun gani? Dukkansu haka suke. Da ba ku yanka ba." Ta ce, "Da an gaya min tun farko akwai mutane a ciki, ai da an nuna min." Na yi ƙoƙarin zura kan a aljihu, ta buɗe tafin hannu ta jira. Na sa mata, ta ƙulle a haɓar zane ta ci gaba da fifita kununta.

Kwanaki na yi ina gaishe ta a daƙile. Na tona kwandon shara, na bi bolar unguwa da sanda kamar mai neman gwangwani, ban ga kai ko ɗaya ba. Na haƙura na ce a masai ta zuba su. Sharhi dai ban fasa ba, da guntayen nake yi, kuma abin haushi sai a lokacin masu kallo suka ƙaru. Yanzu ma a tsaye nake barin su a kanta, babu mai cewa komai.

Da aka yi arba'in na raka ta tasha. Muka bi ta Bompai muka faɗa cunkoson manyan motocin Dakata, mai adaidaita yana kutsawa yana faɗa da kowa, ita tana riƙe da ƙarfe tana salati. A tasha na sama mata gefen taga a mota, na ɗaga jakarta zan sa a but, sai na ji wani abu yana kacau-kacau a ciki. Na ce ko kwano ne ya fashe, na zuge. Gwangwanin madara ne, an ɗaure bakinsa da leda. Na kwance. Ga kawunan nan cike, jajaye da shuɗɗa da ruwan ɗorawa, duk sun murtuke suna kallona, na tankar a sama.

Na zagayo wajen taga da gwangwanin na ce, "Inna, ashe ba ku zubar ba? To ina za ku kai su?"

Ta karɓe ta ɗora a cinya, ta rufa da mayafi. Kunya ta hana ta kallona, sai ta juya wajen matar da ke zaune kusa da ita, wadda ba ta taɓa gani ba, ta ce, "Kayan yaron nan ne, yana son abinsa, ba na iya zubarwa. A ɗakina za su zauna. In ma da ɗakin da mala'iku za su ƙi shiga, gara su ƙi nawa."