Harbin da Ya Fito Bayan Matasai

A shekarun da bidiyo ya shigo unguwarmu ta Uhudu, maza biyu gare ni a gida, ɗana da ƙanena. Maigidana ya riga mu, yana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Ɗana a nan Madina na haife shi, yana da takardar ƙasa, aikinsa sauke kayan alhazai a filin jirgi. In na yi masa Hausa, da Larabci yake amsa mini. Ƙanena kuwa daga Injamena ya zo da bizar Umra, yaƙi ne ya koro shi. Biza ta ƙare bai koma ba, don babu gidan komawa. Ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da hakan yake nufi: ranar da ɗan sanda ya ce masa ina takardarka, sai mota, sai Jidda, sai jirgi.

A ɗakin saman soro yake wuni. Na tambaye shi matarsa da 'ya'yansa sau ɗaya, ya dube ni, ban sake ba. In zai zauna sai ya manna bayansa da bango. In murfin tukunya ya faɗi a kicin, ya gama cin abinci ke nan.

To, ana nan ana nan, wata Alhamis ɗana ya shigo da kwalaye. Ya fito da bidiyo, ya fito da wani baƙin ƙarfe mai nauyi da maɓallai a gabansa, ya ce sunansa amfilifaya, shi ke raba sauti. Sannan ya fito da sifiku, akwatunan katako, har huɗu.

Na ce, "Huɗu na mene ne? Kunne biyu Allah ya ba ka."

Ya ce, "Ya ummi, biyu a gaba, biyu a baya. Sai mutum ya ji kamar yana cikin fim ɗin."

Na ce, "Wa ya ce maka ina son shiga?"

Ya yi dariya, ya kama aiki. Ya kafa kanta a bangon majalisi, ɗakinmu na baƙi, ya ɗora ƙarfen a kai, sama da talabijin. Ya ajiye manyan akwatuna dama da hagu. Ya durƙusa yana fiƙe waya da haƙori, yana murza jan ƙarfen da yatsa, ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi. Ya ɗaga kafet, ya bi da waya ta gindin bango har ƙuryar ɗaki, ya mayar da kafet ya tattake. Ƙananan akwatunan biyu kuwa ya cusa su bayan matasan jingina, ya gyara, ko alama babu.

Ya ce, "Kada ki gaya wa khali." Kawunsa ke nan. "Tun da ya zo ban ga haƙoransa ba. So nake ya juya yana neman inda sauti ke fitowa, mu yi dariya."

A gidajenmu babba ba ya zama kusa da ƙofa. Ƙuryar majalisi ake kai shi, tsakiyar bangon da ke kallon ƙofa, nan ne wurin girma. Mai kantin da ya sayar masa da kayan kuma ya gaya wa ɗana cewa tsakiyar bangon baya ne sauti ya fi daɗi. Ga girma ga daɗi a wuri guda, yaro yana ta murna.

Ran Juma'a bayan la'asar na daka gahawa a turmin tagulla, a nan majalisi, na dafa, na kawo da dabino. Ɗana ya hau ya sauko da kawunsa, ya riƙo hannunsa har ƙurya. "Tafaddal, ya khali." Ya zaunar da shi tsakanin akwatunan nan biyu da ba a gani. Ya saka kaset ɗin da mai kanti ya ba shi na gwaji, wai sautinsa yana zagaya ɗaki. Ya murɗa maɓalli har ƙarshe.

Fim ɗin sojoji ne. Jirgi mai saukar ungulu ya taso daga talabijin, na ji shi ya bi ta kanmu, ya wuce baya. Sai harbi ya tashi daga bayan matasai.

Ƙanena bai yi ihu ba. Ya faɗi rub da ciki, ya finciko ƙafata, na kifa a kan tire, leɓena ya fashe, gahawa mai zafi ta zubo mini a hannu. Ya danne kaina da ƙasa yana cewa, "Kwanta, Yaya, kwanta!" Ya lalubo taɓaryar tagullar nan, ya juya ya kai wa matashi duka, ya sake, ya sake. Auduga ta tashi, katako ya tsage, akwatin dama ya yi shiru. Na hagu yana ta harbi.

Ɗana ya taso, da sauran dariya a bakinsa. "Khali! Fim ne! Fim!" Ya rungumo shi ta baya.

Ina ma ta gaba ya zo masa.

Ƙanena ya juyo da taɓarya, ya sauke masa a kunnen hagu. Ƙarar tana kaina har gobe. Yaro ya zube, jini ya fito ta cikin kunne, ya bi wuya, ya jiƙa farar rigarsa. Ƙanena ya hau ƙirjinsa da gwiwa, ya figo wayar da ta fito daga ƙarƙashin kafet, ya naɗa masa a wuya, ya ja. Ƙafafun ɗana suna dukan ƙasa. Na doki bayan ƙanena da tire, bai ji ba. Na ciji damtsensa har na ɗanɗani jini, bai ji ba. Idonsa a buɗe, amma ba ɗakina yake gani ba.

Na rarrafa wajen talabijin, na kama duk wayoyin da hannuna ya samu, na ja da ƙarfin da Allah ya ba ni. Baƙin ƙarfen ya rikito daga kanta, ya daki ƙasa. Ɗaki ya yi tsit. A cikin shirun na kira ƙanena da sunan da innarmu take kiransa yana goye. Hannunsa ya saki. Ya dubi wanda ke ƙarƙashinsa, ya ja da baya har bango, ya soma kakarin amai.

Maƙwabcinmu, wani Bakano mai karatu a Jami'a, yana ta dukan ƙofa. Shi ya kinkimi ɗana zuwa motarsa. Muna hanya ya ce da ni a hankali, "Hajiya, kin san rauni irin wannan, sai ɗan sandan asibiti ya yi tambaya." Na sani.

Kan ɗana yana cinyata. Murya a shaƙe ya ce, "Wallahi sai na faɗa. Kashe ni ya so yi."

Na ce, "In ka faɗa, gaskiya ka faɗa, ba zan ƙaryata ka ba. Amma ka san inda za su mayar da shi. Abin da ka sa masa a bayan matashi, can na gaske ne."

Ya rufe idonsa.

Aka ɗinke shi, aka naɗe masa kai. Ɗan sanda ya zo ya tsaya ta hagunsa, ya ce, "Wa ya buge ka?" Ɗana bai motsa ba. Ya sake tambaya, shiru. Sai ya zagayo ta dama ya maimaita. Nan na gane kunnen ya tafi. 

Ɗana ya dubi silin. Sannan ya ce, "Amfilifaya ce ta faɗo mini daga kanta."

"Wuyanka fa?"

"Waya ce ta sarƙe ni."

"Har zagaye biyu?"

"Doguwa ce. Sifika huɗu na haɗa."

Ɗan sandan ya ɗaga gira. "Huɗu? A ɗaki ɗaya?" Ya dubi leɓena, ya dubi hannuna, na ce gahawa ce ta kife da ni wajen taro shi. Ya girgiza kai, ya ce samarin yanzu sai sun rusa wa iyayensu gida, ya tafi.

Da muka dawo mun tarar ƙanena ya share katako, ya wanke kafet, ya ɗaure kayansa a zane, yana zaune a bakin ƙofa yana jiran motar 'yan sanda da za ta zo ɗaukarsa. Ɗana ya wuce shi ya shige ciki. Ni na ɗauki ƙunshin na mayar sama.

Sun daɗe ba sa magana. Ƙanena yakan wanke masa rigunan aiki ya goge, ya ajiye a bakin ɗaki, shi kuma ya ɗauka ya saka. Sai bayan aikin Hajji ya wuce ɗana ya kai ƙarfen gyara. Ya jera akwatuna ukun da suka rage a gaba, gefen talabijin, wayoyinsu a kan kafet inda kowa zai gani. Ya hau sama ya sauko da kawunsa. Kafin ya zaunar da shi sai ya bi matasan nan yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, yana nuna masa bango. Ya ce da Hausa, Hausarsa mai karkacewa, "Kawu, babu komai a baya."

Suka kalli wasan ƙwallo, sauti ƙasa-ƙasa.

Ƙanena bai bar Madina ba. Yana Baƙi'a yanzu, ɗana ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Kunnen kuwa bai dawo ba. Jikokina sun sani, in za su roƙi ubansu wani abu, ta dama suke zuwa.