Ranar da Kibod Ɗina Ya Sha Koko

Kibod ɗin kwamfutar da nake buga wa ɗalibai takardu da shi a shagona na Tudun Wada irin mai ƙara ne. Idan na kama aiki, har unguwar Hanwa ana jiyo shi kamar keken ɗinki. Wata safiyar Litinin gwiwar hannuna ta ture masa kofin koko mai sukari, alhali ranar Alhamis wata ɗaliba za ta karɓi furojet ɗinta, ga shi yatsuna ba su saba da wani kibod ba.

Maƙwabcina mai gyaran waya ya ce, "Malam, zare shi daga kwamfuta tukuna! Ciccire maɓallan ka wanke, cikin ka goge da sifirit, ka ba shi kwana biyu."

A gida na yi wa maɓallan wanka ɗaya bayan ɗaya kamar jarirai, na shanya a faifai kusa da zogalen da maiɗakina ta baza. Ranar Laraba ina mayar da su, sai ɗaya ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Na zargi kaji, na zargi akuya, saura kaɗan in kai ƙara wajen mai unguwa.

Da rana ina cin tuwo da miyar zogale na tauna wani abu ƙwas. Maiɗakina ta ce, "Kai da ke ƙorafin babu nama, ga shi nan."

Ashe maɓallin ne ya bi zogale cikin tukunya. Na sake wanke shi na maƙala. Kibod ya tashi da ƙararsa, ɗaliba ta karɓi aikinta a kan lokaci. Har yau maɓallin nan yana ɗauke da shatin haƙorina.