Gwajin Lemun Tsamin Da Yaya Sahabi Ya Bar Mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sahabi, Allah Ya haskaka kabarinsa. Duk shekara nakan yi masa sadaka da addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ne a wata sakandare a Argungu, aikin kuma yakan biyo shi har gida. Lokacin da ruwan lemun tsami na kwalba ya fara cika shaguna, mu mata murna muka yi, mun huta da matsa, ko shayi za a haɗa ko tarwaɗa za a wanke. Shi dai bai yarda da abin ba. Wata Juma'a ya zo gidana a Gwadangaji, ya ce in ba shi kofin gilashi biyu da ɗan kamu. Ya dama kamun tsararo da ruwan zafi, da ya huce ya ɗiga masa aidin ɗin da ake sa wa ciwo, sai ruwan ya koma shuɗi mai duhu. Ya matsa lemo na gaske a kofi ɗaya, shuɗin ya gushe ina kallo. Ya tsiyaya na kwalba a ɗayan, ya yi ta juyawa, ko gezau. Ya ce sinadarin da ake shan lemo dominsa lokacin mura shi ke cinye shuɗin. Wannan kuwa ruwa ne da garin tsami na kanti.

Har na ɗauki mayafi zan shiga maƙwabta in ba da labari, ya tsai da ni. "Zamna tukuna, gidan rediyo," in ji shi. "Lemo na gaske ma in ya daɗe cikin rana shina rasa ƙarfi. Ba a ɗora ma mutum zamba da shaida guda." Sai ya tafasa farin zaren ulu a cikin ruwan kwalbar, ya ɗauraye, zaren ya fito kore shar. Rini ne, launin da Allah Ya yi wa lemo ba ya kama zare haka. Duk da haka mai shagon da na sayi kwalbar kawai ya samu a keɓe ya gaya wa.

Babbar 'yarsa, wadda zan kira Luba don in sakaya sunanta, a ɗakina na aurar da ita. Tana zaune a unguwar Badariya, sana'arta ɗura ruwan lemun tsami a kwalba. Da azumin bana ta kawo mini kwalba biyu da fara'arta, fara'ar mahaifinta sak. Launin ne ya tsaya mini a rai, ya yi kyau fiye da kima, ko ɗigon diddiga babu a ƙasa. Na daɗe ina kallon kwalaben ina roƙon Allah Ya sa zato ne kawai. Daga baya na dama kamu. Shuɗin bai gushe ba. Na tafasa ulu ina hawaye, ya fito kore.

Da yana raye me zai yi? Na san ba zai yi faɗa ba, na kuma san ba zai kau da kai ba. Don haka na hau keke napep da kayana, na maimaita gwajin a gabanta, mu biyu a ɗaki.

"Gwaggo, na san wanga gwaji," ta ce, idonta a ƙasa. "Lemo ya yi tsada. Kowa haka yake yi, kuma ba ya kashe kowa."

"Masu azumi ke buɗe baki da shi, Luba. Uwa na ba ɗanta mai mura tana zaton magani ta ba shi."

Da zan tafi ko ƙofa ba ta raka ni ba. Na bar mata kwalbar aidin a kan taga. Tun ranar nake tsoron ko na yi asarar yarinyar da ya bar mini amana.

Yaya Sahabi bai bar gona ko gida ba. Abin da ya bar mini ido ne da ba ya iya wuce algus, na kuwa gane gadon yana da nauyi idan ya faɗa kan naka. Ranar Sallah na yi ta sauraren sallamarta har la'asar, ba ta zo ba. Wata maƙwabciyarta ce ta kawo mini leda, ta ce in ji Luba. Na kwance, sai ga lemun tsami ɗanye, ba a matse ko ɗaya ba. Ban san ko tuba ce ko fushi ba.

Allah Ka gafarta wa Sahabi, Ka dawo mini da 'yarsa.